Darasi na 7: Dokokin Ƙasar Kar-ka-tambaya da Haƙƙoƙin Ɗan Ƙasa

Ƙasar Kar-ka-tambaya ba ta cikin taswira, ƙirƙirarta muka yi don wannan darasi. A karanta dokokinta guda huɗu a hankali.

Ta farko, jami'an tsaro suna iya kama kowa, su tsare shi sai ranar da suka ga dama. Ta biyu, laifi shi ne duk abin da mai mulki ya kira laifi a ranar. Ta uku, ɗan bawa bawa ne har ya mutu. Ta huɗu, wanda ya soki hukuma a bainar jama'a, a kore shi daga ƙasar.

Yanzu mu buɗe Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, Babi na 4, inda aka jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa.

Mu fara da maganar kamu, don ita ce ta fi shafar talaka. Sashe na 35 ya ce duk wanda aka kama, dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya, idan kuwa babu, kwana biyu, ko wa'adin da kotu ta ga ya dace. Wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, nasa daban. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: wanda aka tsare ba bisa doka ba, yana da haƙƙin diyya, kuma a nemi gafararsa a fili.

Doka ta biyu ita ce mafi muni, ko da yake ba a ganin muninta nan take. A ƙasar Kar-ka-tambaya mutum zai kwanta ba shi da laifi, ya wayi gari mai laifi. Sashe na 36 ya toshe wannan ƙofa. Ba a hukunta mutum sai laifin yana rubuce a doka tare da hukuncinsa, kuma ba a kafa doka yau a hukunta abin da aka aikata jiya.

Sashe na 34 ya haramta bauta da azabtarwa, na 42 ya hana a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. Na 39 ya ba kowa ikon faɗin ra'ayinsa, na 41 ya hana korar ɗan ƙasa daga Najeriya.

A kula, wasu haƙƙoƙin suna da iyaka. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita su da doka domin tsaro, lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu. Da doka aka ce, ba da son ran wani jami'i ba. Wanda aka take haƙƙinsa, sashe na 46 ya ba shi damar kai ƙara Babbar Kotu a jihar da abin ya faru.

Aikin aji: Kowa ya rubuta sunansa, da wannan jimla: "Ina son sanin dalilin kama ni a rubuce." Daga nan ku zauna bibbiyu, ku ƙirƙiro wa ƙasar Kar-ka-tambaya doka ta biyar, malami ya taya ku nemo sashen da ya saɓa mata.