Kurakuran da masoya ke yi wajen yaɗa rubutun wasu

Kuskuren da ya fi yawa a zaurukan masoya na intanet, na ƙwallo ne ko na fim ko na littafi, shi ne a ɗauka cewa duk abin da ido ya gani, hannu na da damar ɗauka. Wanda ya faɗi ra'ayinsa a zaure mai mutum 40, da waɗannan mutanen yake magana. Sun san halinsa, sun san muhawarar da aka yi jiya har ta kai shi ga wannan martani. Idan ka kwashi maganar ka ajiye gaban mabiyanka dubu 20, ka tsayar da shi gaban taron da bai shirya wa ba, ko da ba ka canza masa kalma ɗaya ba. Gyaran ba wuya. Tura masa saƙo: "Don Allah zan iya sa wannan a shafina?" In ya ce a'a, ka haƙura. In ya yi shiru, kada ka ɗauki shirun a matsayin amincewa.

Abin ya fi muni idan wurin a rufe yake, kamar zauren Facebook na mambobi kaɗai, ko shafin X da mai shi ya sa wa kwado. A Archive of Our Own, rumbun intanet da ya buɗe a 2009, inda masoyan finafinai da littattafai ke ajiye labaran da suka rubuta a kansu, marubuci na iya kulle labarinsa yadda sai mai rajista zai karanta. Da mahaɗin (wato link) ya ƙi buɗe wa na waje, sai wasu su ɗauki hoton allo su watsa. Wannan tsallake katanga ne. Hoton hirar WhatsApp kuwa yakan fito da lambobin wayar mutanen da ba ruwansu da zancen. Goge suna ma bai isa ba, domin ana iya kwafar jimla ɗaya a nema a intanet a gano mai ita. In lallai sai ka tattauna batun, ka faɗe shi da kalmominka, ba suna, ba hoto.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne haɗa laƙabin mutum da sunansa na ainihi. Da yawa suna rubutu ko zane da laƙabi ne saboda wurin aiki, ko dangi, ko wani da suke guje wa. Sau da yawa mai tona asirin ba mugunta ya nufa ba, yabo ne: "Ku ga abin da ƙawata wance ta rubuta!" Jimla ɗaya ta haɗa sunaye biyun da ta daɗe tana rabawa, kuma magana zarar bunu ce. Sunan da ka gani a kan rubutun, da shi za ka kira ta, ko da tare kuka tashi.

Haka ma kuskure ne ka ambato (wato ka yi tagging ɗin) tauraron da aka yi zane ko labari a kansa don ya gani. Mai aikin ne kaɗai ke da ikon yanke wannan.

Akwai kuma sa mahaɗi don a yi wa mutum dariya. Kai ka rubuta layi ɗaya ka wuce, shi kuwa ya kwana yana karɓar zagi daga baƙin da kai ka nuna musu hanya. Ana iya sukar ra'ayi ba tare da an nuna ƙofar mai shi ba, musamman idan ƙaramin shafi ne. Rubutun da mai shi ya goge ma a bar shi a goge.

Wasu kuma juya kuskuren suke yi: su kwafe zane ko labarin da aka sake wa kowa, su liƙa ba sunan mai shi. Nan mahaɗin ne hakkinsa, sai a sa wanda zai kai mai karatu ga asalin aikin.

Ka duba mahaɗin kansa kafin ka tura. Wanda ka kwafa daga manhajoji irin su Instagram ko YouTube yakan zo da doguwar wutsiya bayan alamar tambaya, ɓangaren da ake bin sawun wanda ya yaɗa da shi. Ka yanke wutsiyar, ka gwada ko yana buɗewa, sannan ka tura.

Idan kuma mai rubutu ya nemi ka cire abin da ka riga ka yaɗa, ka cire nan take ba gardama, ka gaya masa sauran wuraren da ka tura domin ya san inda zai bi.