Yadda ƙungiyar kiɗan rok za ta tara masoya a Bauchi ta hanyar wasa a gaban jama'a

Ƙungiyar da ba ta da kamfani a bayanta, dandali ne jarinta. A Bauchi masu sauraron jita da ganga sun fi yawa a wajen ɗalibai, wato Yelwa inda Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) take, da Gwallameji kusa da kwalejin fasaha ta tarayya. Ku fara daga can. Ku nemi zauren da zai ci mutum 60 zuwa 100, ku riƙe rana guda, kamar Asabar ɗin farko ta kowane wata. Ƙaramin wuri a cike ya fi babban zaure da kujeru wayam, kuma wanda ya san ranarku zai dawo da abokinsa.

Kafin a buga sanarwa, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, in cikin makaranta ne a karɓi izini a rubuce. A fara bayan La'asar a tsaya kafin Magariba, ko a fara bayan Isha'i. Da azumi a huta.

Sauti shi ne inda aka fi faɗuwa. Janareta mai 5 kVA ya ishi mikisa (na'urar haɗa sauti) da lasifika biyu da amfilifayar jita (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da ta bes (jita mai kaurin sauti). A ajiye shi kamar mita 20 daga dandali, hayaƙinsa na fita waje, a tanadi fetur lita 10, a sa sitabilaiza tsakaninsa da kayan. Kada ku yarda mai sayar da lemo ya jona firjinsa a layinku: duk lokacin da firjin ya tashi wuta za ta ja baya, lasifika ta yi "ɗas" a tsakiyar waƙa. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, in ba haka ba lasifika ke shan dukan. Kukan nan mai huda kunne kuwa, makirufo ne ke ɗaukar sautin lasifika yana mayar mata, don haka lasifikar ta kasance gaba da mawaƙi, tana fuskantar jama'a. A gwada kaya awa biyu kafin a buɗe ƙofa, muryar mawaƙi a sama, sauran su bi ta. Mai ganga ya sassauta hannu, ɗakin siminti ba ya ɓoye ƙara.

Hunturu na busar da katakon jita, sautin tsirkiya ya riƙa zamewa. A daidaita ta bayan kowace waƙa biyu, a riƙe tsirkiyar canji, musamman siririyar ƙasa, ita ta fi tsinkewa.

Minti 40 ya isa, waƙa takwas. A buɗe da mai zafi, a saka wadda amshinta Hausa ne tun da wuri, domin abin da bakin mutum ya rera shi yake tafiya da shi gida. Kalangu a gefen ganga na jan kunnen wanda bai saba da rok ba.

A bakin ƙofa a tsayar da mutum ɗaya yana karɓar lambobin waya don rukunin WhatsApp. Washegari a tura bidiyon daƙiƙa 30 da sautin da aka ɗauka daga mikisa, na waya yakan fashe. Ranar wasa na gaba kuwa, mawaƙi ya faɗe ta da bakinsa kafin waƙar ƙarshe, tun jama'a ba su fara neman takalmansu ba.