Kafin ka ce birenbos ɗin tirelarka ya ƙone

Wallahi abin da ke ba ni haushi a harkar gyaran manyan motoci shi ne da zarar mota ta ƙi tashi, an yi kik an yi kik shiru, sai ka ji wani ya ce ai birenbos ne oga. Shi kenan an yanke hukunci, a kira mai mota ya turo kuɗi a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko a yi waya kasuwar Ladipo ta Legas a kawo na Beljiyam. Alhali birenbos, wato kwamfutar injin nan, ko ta Cummins ce ko ta Bosch da ke jikin MAN da wasu Howo, ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Yawanci kashe ta ake yi, wani lokacin ma tana nan da ranta ake binne ta.

Na taɓa ganin wata tifa da aka sa wa birenbos har biyu, duk ba ta tashi ba. Da muka leƙa ƙarƙashi sai ga wayar negatif ɗin da ke ɗaure a jikin shasi ta yi kore shar, tsatsa ta cinye bakinta, kana taɓawa tana lilo. Aka kankare wajen da sanfefa aka ɗaure, aka mayar da tsohon birenbos ɗin da aka ce ya mutu, kik ɗaya ta tashi. Mai motar ko magana ya kasa yi.

To ka ga kuskuren da ya fi yawa kenan, rashin duba wuta. Motar nan batir biyu ne masu bolt 12 aka jera suka ba da 24, in ɗaya ya yi sanyi, lokacin kik wutar sai ta faɗi ƙasa kwamfuta ta ɗauke. Kada ka auna batir mota na zaune ka ce lafiya lau, a'a, sa mita wani ya yi kik kana kallo. Ka bi fis da rile, ka je har soket ɗin birenbos ka tabbatar wuta na isowa. Kuma mita kaɗai tana yaudara, silin waya ɗaya da ya rage zai nuna maka 24 cif, amma ka jona masa ƙwan fitila ka ga ko zai iya kunna shi.

Sai masu jona na'urar gano matsala su ga lambar matsala su ruga kasuwa. A injin Cummins lamba 111 da 343 duk suna nuni ne ga cikin birenbos, gaskiya ne, amma 343 sau da yawa kan batir da ya saki ko wuta mai yankewa ke jawo ta. Haka in na'ura ta ƙi magana da motar gaba ɗaya, kafin ka ce ya mutu cire kan batir ka auna tsakanin wayoyi biyun nan da suke a murɗe na CAN, wato layin da kwamfutocin mota ke magana ta kansa, ya kamata ka ga om 60. In ka ga 120 to ɗaya daga cikin rizistoci biyun layin ya fita ko waya ta tsinke, in ka ga kusan sifili sun haɗe. Sannan akwai bolt 5 ɗin da birenbos ke ba sensoci, sensa ɗaya in ya yi shot zai ja wutar ƙasa sai ka ga lambobi sun cika fuska kamar komai ya lalace. Ka dinga zare su ɗaya bayan ɗaya kana kallon mita, wanda ka zare bolt 5 ya dawo shi ne ɓarawon. Sensan kiranshaf ma kada a manta da shi, in bai ba da sigina ba inji na iya yin ta juyi a banza.

Yanzu a ce an tabbatar ya ƙone ɗin, ka shinshina ka ji ƙauri, ko ka ga gas ko ruwa a cikin soket. Tambayar da ba a yi ita ce me ya ƙona shi? Wayar injekta da ta gogi jikin inji ta yi shot za ta cinye sabon kamar yadda ta cinye tsohon, cikin minti ɗaya. Mai walda da ya kama aiki a jikin shasi ba a cire kan batir da soket ɗin birenbos ba, shi ma ya isa. Ga jona batir a juye lokacin jan wuta daga wata mota, ga yaran wankin mota da ke saita bakin famfo a kan soket kai tsaye, direba na can yana shan shayi.

Wajen saye kuma ana kwafsawa. Kamannin akwati ba shi ne ba, lambar da ke jikin takardarsa za ka duba. CM870 da CM871 na Cummins suna kusan ɗaya amma ba a musanya su. Ko lambar ta dace, sai an zuba masa manhajar da ta dace da injinka, shi ya sa in tsohon yana ɗan magana a fara kwafe bayanansa kafin a cire. Injin da injektocinsa ke da lamba a jiki sai an shigar da lambobin silinda bayan silinda, in ba haka ba silo ya yi ta rawa ga hayaƙi ga shan gas. Actros da MAN kuwa akwatin injin a ɗaure yake da makulli da ɗayan akwatin na cikin kai, ka sa na wata mota ba a sa na'ura an daidaita su da juna ba, ba za ta tashi ba, sai ka koma kana zagin mai shago a banza.

Wajen ɗaurawa kashe makulli, ka ɗan jira kwamfuta ta gama ajiye bayananta sannan ka cire negatif. Robobin nan na gindin noti a mayar da su don su ke shanye girgiza, kuma soket in ya ƙi shiga kada a danna da ƙarfi, haska da tocila ka duba, fil ɗaya ne ya lanƙwashe.