Darasi na 7: Alayyahu daga bayan ɗaki zuwa tukunya

Duk gidan da yake da ɗan fili a bayan ɗaki, ko da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, zai iya samar wa kansa ganyen miya rani da damina, muddin akwai ruwan ba shi. Alayyahu yana son zafi, yana tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5, kuma bayan mako 4 ko 5 ya isa yanka. Abin da ya fi damunmu a wannan darasi shi ne yadda ake sarrafa ganyen daga yanka zuwa akushi, domin a tsakanin nan ne yawancin amfaninsa yake salwanta.

A yanki ganyen da sassafe kafin rana ta ɗaga, kuma a yanki iyakar abin da za a dafa a ranar. Kada a tumɓuke shi da saiwa. A bar masa kamar taƙi guda daga ƙasa, wato santimita 15 zuwa 20, zai sake tofo a dawo masa bayan mako 2. Idan ya fara fure, ganyen yakan ƙanƙance ya yi tauri, sai a bar gindi ɗaya ko biyu su nuna don iri.

Bayan an tsince shi an cire kara mai tauri, wanki ne farko, yankawa ta biyo baya. A cika roba da ruwa mai tsabta, a zuba ganyen a girgiza, sannan a tsame shi da hannu a duba gindin robar. Za a ga yashi ya kwanta, wani lokaci har da 'yar tsutsa. A sake ruwa har sai gindin robar ya fita tas. Matar da ta yanka ganye sannan ta wanke ta matse, koren ruwan nan da ta zubar a kwata ya tafi da wani kaso na bitamin C, domin shi sinadari ne mai narkewa a ruwa.

Ga miyar da za ta ishi mutum 6. A ɗora manja ko man gyaɗa ludayi 1, a soya albasa, a zuba jajjagen tumatir 5 da tattasai 2 da attaruhu gwargwadon yajin da iyali suke so, a soya har mai ya taso. A sa daddawa da gishiri da busasshen kifi ko romon nama, sannan a dama niƙaƙƙiyar gyaɗa a zuba, a bar ta ta nuna. Sai komai ya dahu ake sa alayyahu. Ba ya bukatar ƙarin ruwa, domin yana fitar da nasa, kuma abin da ya cika babbar roba zai kwanta ya koma kaɗan. Minti 3 zuwa 5 sun isa, a sauke tun yana kore shar.

Kada a sa masa kanwa. Gaskiya ne tana tausasa ganye, tana kuma riƙe korensa, amma tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, ga shi ɗanyen alayyahun da aka yanko da safe ba shi da taurin da zai sa a nemi kanwa. Shi kuwa mai, ko kaɗan ne, kada a rasa shi, domin da shi jiki yake iya shan sinadarin da ke zama bitamin A, mai kare idanun yara daga dundumi. Ganyen yana da sinadarin ƙarfe da jini yake bukata, musamman ga masu juna biyu. Tumatir ko matsin lemun tsami suna taimaka wa jiki ya sha shi, shayi kuwa yana tauye shi, don haka a jinkirta shan shayi bayan cin abinci.

Haka ake sa shi a ƙarshe a miyar taushe da faten wake. Idan kwaɗo za a yi, a turara shi kaɗan a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Wanda ya yi yawa a shanya shi a inuwa, inda iska take ratsawa, a adana a mazubi mai murfi.

Kada a shayar da lambun da ruwan kwata. Idan an fesa maganin ƙwari, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika kafin a yanka. Mai fama da tsakuwar ƙoda ya nemi shawarar likita game da yawan cinsa.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya rubuto kayan miyar alayyahu na gidansu da adadinsu, tare da mintocin da ganyen ya yi a kan wuta.