Yadda Za Ka Zaɓi Madannin Leda Na Fanel: Mai Ƙas Ko Mai Shiru

Duk wanda ya taɓa danna lamba a jikin sikelin lantarki, ko ya saita zafi a injin ƙyanƙyasar ƙwai, ya taɓa madannin leda ko da bai san sunansa ba. Shi ne wannan shafaffen da aka manna a fuskar inji, an zana masa lambobi da kibiyoyi, babu maɓallin da ya turo kai waje. Iri biyu ne. Akwai wanda idan ka danna za ka ji ya ce ƙas a ƙarƙashin yatsarka, akwai kuma wanda yake shiru kamar ka danna bango. Na jima ina haɗa fanel, wato allon sarrafa inji, a nan Sakkwato, na injin ƙyanƙyasa da na famfon sola da na masu ruwan leda, kuma yawancin madannan da aka dawo mini da su a fashe ba don rashin inganci suka mutu ba. An dai sa su a inda ba nan ne wurinsu ba.

Kafin a shiga zaɓe, a san abin da ke ciki. Idan ka ɓare shi sai ka ga ɓawo kan ɓawo kamar albasar Wurno. Na sama shi ne fuskar da aka yi wa zane. A ƙasansa akwai leda mai ɗauke da layukan wuta waɗanda aka buga da tawadar azurfa, sai wata ledar tsakiya da aka huda daidai kowane madanni don ta raba sama da ƙasa, sai wata ledar mai layukan wuta a ƙasa, sai gam a baya, sai jela da take fita zuwa allon wuta. A mai shiru, yatsarka ce take tura ledar sama ta cikin hudar har ta taɓa ta ƙasa, wuta ta wuce. A mai ƙas kuwa an kifa wani ɗan ƙoƙo a kan hudar, na ƙarfe marar tsatsa ko na leda. Da ka danna sai ya lotsa, da ka saki sai ya dawo. Lotsawar nan ita ce ƙas ɗin.

Mataki na farko: je ka tsaya inda injin zai zauna

Kada ka zaɓa daga kan teburin shagonka. Ni abin da ya koya mini wannan wani gidan ruwan leda ne da na yi wa fanel da mai shiru, na haɗa masa 'yar ƙararrawa da take cewa tit idan an danna. A shago ta yi daɗin ji. Ba a yi wata biyu ba maigidan ya kira ni.

“Injiniya, wanga abu naka ba shi da amana. Kwana nawa da sa shi?”

Na je na tarar madannin tayarwa ya huje. Janareto na ruri a bayan taga, injin yanka leda na bugawa, ko magana sai an ɗaga murya. Na tambayi yaron da ke aiki da shi, ya ce: “Wallahi Oga, in na taɓa ban jin komi, sai in ƙara dannawa.” Daga yatsa ya koma bakin makulli, daga makulli ya koma sukundireba. Laifin nawa ne. Yatsa tana jiran amsa, kuma a wannan ɗakin ba ta samu ba, kunne ma bai samu ba.

Saboda haka ka saurari wurin, ka kuma duba haskensa. Inda hayaniya ta yi yawa ƙararrawa ba ta da amfani. Inda rana take dukan fanel kai tsaye, kamar akwatin famfon sola a fadama, 'yar fitilar da ke nuna an danna ba za a gan ta ba da tsakar rana. Wuri irin wannan na mai ƙas ne. Ɗakin gwaje-gwaje, kicin, ko ofis mai shiru inda mutum yake kallon allon lambobi yana dannawa, nan mai shiru ya wadatar, muddin ka ba shi fitila ko ƙararrawa. Ba a barin mai shiru haka tsirara.

Mataki na biyu: dubi hannun da zai danna

Da safar hannu yake aiki? Idonsa na kan fanel, ko yana kan buhun da ake cikawa? Wanda ba ya kallo yana bukatar ƙas, kuma yana bukatar a ɗan tayar da gefen kowane madanni don yatsa ta lalubo shi. Ƙoƙon ƙarfe yana zuwa da nauyin dannawa daban-daban, ana auna shi da giram. Mai kusan giram 180 yana da laushi, mai 280 zuwa 350 shi ne aka fi amfani da shi, mai safar hannu kuma a ba shi wanda ya fi haka tauri kuma mai faɗi, kamar milimita 12 ko fiye. Idan kana son madanni babba mai faɗin tafin hannu, ko mai wata siffa ta daban, mai shiru ya fi sauƙin yi, domin ƙoƙo girmansa ƙayyadadde ne.

Mataki na uku: yi lissafin dannawa

Masu ƙerawa sukan rubuta wa ƙoƙon ƙarfe dannawa miliyan 1 ko sama, mai shiru kuma miliyan 5 ko sama, tunda babu abin da ke lotsawa a cikinsa. Ɗauki madannin da ya fi shan wahala ka lissafa. Sau 300 a rana ya zama 109,500 a shekara, ke nan miliyan 1 za ta kai ka shekara 9. Sau 2,000 a rana kuwa 730,000 ne a shekara, ko shekara ɗaya da rabi ba za ta cika ba. Yawancin fanel ɗin da muke yi ba sa kusantar wannan adadin, don haka kada tsoron mutuwar ƙoƙo ya sa ka guje shi a banza.

Mataki na huɗu: zafi

A nan ne Sakkwato ta sha bamban da takardar da ke zuwa cikin kwali. Daga Maris zuwa Mayu zafin gari yakan haura digiri 40, kuma wannan a inuwa ake aunawa. Akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana, ko ɗakin kwano marar silin, ya fi haka nesa ba kusa ba. Sa hannunka a kan murfin da ƙarfe biyu na rana za ka gane.

Idan ka zaɓi mai ƙas, tambayar da za ka yi wa mai sayarwa ita ce: ƙoƙon na ƙarfe ne ko na leda? Na leda ya fi araha, a sanyi kuma yana da daɗin dannawa. Amma da zafi aka tayar da shi tun a masana'anta, kuma zafi ne yake kwantar da shi. Bazara ɗaya ko biyu sai ka ji ƙas ɗin ya dushe, madannin ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko, wani ma ya lafe ya ƙi tashi. Ni na daina sa shi a duk abin da zai zauna a waje. Na ƙarfe bai damu da zafinmu ba.

Fuskar ma a kula da ita. A cikin ledojin da ake yin ta da su, foliyesta ta fi folikabonet jure lanƙwasa da sinadarai, kuma a kan ƙoƙo lanƙwasawa take yi kullum. Wadda za ta sha rana a nemi wadda aka yi don waje, in ba haka ba ta koɗe ta tsattsage. Wani abu da ba a cika faɗa ba: akwai iska a ƙarƙashin kowane madanni, zafi kuma yana kumbura ta. Madanni mai kyau ana yanka masa 'yan hanyoyin iska a ledar tsakiya daga wannan huda zuwa waccan. Idan ka ga fuska ta yi tozo da rana ta kwanta da dare, waɗannan hanyoyin ne babu.

Mataki na biyar: ƙura da ruwa

Duka biyun ana iya rufe su ruf. Nemi IP65, lambar da ke nuna ƙarfin rufin: 6 na nufin ƙurar hunturu ba ta shiga, 5 na nufin ya jure feshin ruwa. IP67 ya jure nutsewa har mita 1 na minti 30. Ƙofar ɓarna ita ce inda jela ta fito, domin danshin damina idan ya sami layukan azurfa yakan haɗa su da juna, inji ya riƙa tashi babu wanda ya taɓa shi.

Mataki na shida: kada ka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa

Ko mai ƙas ko mai shiru, ɗan saƙo ne kawai. Iyakarsa wajen bolt 30 da miliyam 100. Shi zai gaya wa ƙwaƙwalwar fanel, ko Arduino ce ko wata, ita ta tayar da rile, ƙaramin makunnin da wuta ke kunnawa, rile ya ja kwantakta, babban makunnin da ke ba inji wuta. Wutar bolt 230 ba ta bi ta cikinsa. Sannan madannin tsayar da inji na gaggawa ba a yin sa da leda ko kaɗan. Wannan jan maɓalli ne babba mai kan lema a kan rawaya, wanda ko da gwiwar hannu za a buge shi.

Mataki na bakwai: samfur kafin oda, sannan mannawa

Ko daga Kano ko Legas ka saya, ko ka aika zane Shenzhen ta ƙasar Sin a buga maka, karɓi guda biyu ko uku tukuna. Kwantar da shi a kan tebur, sa mitar awon wuta a bakin jela ka danna kowane madanni, ya kamata ka ga ƙasa da om 100. Bar ɗaya a rana kwana uku ka sake dannawa. Ɗayan kuma kai wa wanda zai yi aiki da shi, ka tsaya gefe ka yi shiru ka ga yadda yake dannawa.

Wajen mannawa, wurin da za a manna shi ya zama shafaffe mai tauri, ba kwanon da ke lotsawa ba, domin ƙoƙo idan bai sami abin dogara ba yakan juye ya ƙi dawowa. Don haka ma kada ka riƙa danna shi a iska kafin ka manna. Goge wurin da sifirit ya bushe, fara zura jela ta hudarta ba tare da ka karya ta ba, sannan ka kwantar da fuskar daga gefe ɗaya zuwa ɗayan kana shafawa. Sau ɗaya ake mannawa. Idan ka ɓamɓare don ka gyara karkata, layukan azurfa na iya tsagewa. Gam ɗin yana ɗaukar kamar awa 72 kafin ya kama sosai, don haka fanel ɗin da za a kai fadama ranar Asabar, a manna shi tun Laraba.