Ziyarar jirgin ƙasa mai kwal a Birtaniya: kurakuran da baƙi suka fi yi da yadda za a kauce musu

A watan Agustan 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina jan fasinja da kan jirgi mai kwal a manyan layukanta. Duk da haka, har gobe akwai layukan dogo fiye da 100 a ƙasar da ake hura wa tsofaffin jirage wuta, kuma yawancin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne da ba sa karɓar ko sisi. Ɗalibanmu da 'yan'uwan da ke zuwa hutu kan kai yara irin waɗannan wurare, amma sau da yawa sai a dawo ana cewa ba a ga abin da aka je gani ba. Kusan duk kurakuran daga tushe ɗaya suke: baƙo ya ɗauki wurin kamar tashar jirgin haya, ko kamar filin wasan yara, alhali tsohon inji ne mai wuta da tafasasshen ruwa, wanda wasu bayin Allah ke riƙe da shi da guminsu.

Zan fi kawo misali da layin Talyllyn da ke yankin Wales, domin shi ne na farko a duniya da 'yan sa-kai suka ceto. An shimfiɗa shi a 1865 don sauko da dutsen rufin ɗaki daga mahaƙar Bryn Eglwys zuwa garin Tywyn na bakin teku. Mahaƙar ta rufe a 1946, mai layin Sir Henry Haydn Jones ya rasu a 1950, sai Tom Rolt da abokansa suka kafa ƙungiya suka karɓi aikin. Jirginsu na farko ya tashi ranar 14 ga Mayun 1951.

Kuskure na farko tun daga gida ake yin sa. Mutum ya saba da jirgin Landan da ke zuwa kowane 'yan mintoci, sai ya ɗauko iyali ba tare da ya duba jadawali ba. Waɗannan layuka ba kullum suke aiki ba. Galibi daga hutun Ista zuwa ƙarshen Oktoba ne ake samun jirgi a kai a kai, da sanyi kuwa sai a rufe a shiga gyaran dogo, in ban da 'yan kwanaki a Disamba. Ko a cikin lokacin aikin ma, wata rana jirgi biyu ko uku ne kacal. Jadawalin nasu yakan zo da launuka, kowane launi da lokutansa, don haka ka nemo launin ranar da za ka je kafin ka karanta lokaci. Kada kuma ka ɗauka tikitinka na babban jirgi zai yi maka aiki a nan. Kamfani daban ne, tikiti daban.

Mai zuwa Tywyn daga Birmingham ko Shrewsbury yana da wani tarko a gabansa. A tashar Machynlleth ana raba jirgin gida biyu, rabi ya nufi Aberystwyth, rabi ya bi gaɓar teku zuwa Pwllheli. Tywyn tana kan hanya ta biyun. Wanda ya zauna a taragon da ba nasa ba sai ya tsinci kansa a wani gari, jiragen wannan hanya kuma wajen awa biyu ne tsakaninsu. Matambayi ba ya ɓata: ka tambayi mai duba tikiti tun kafin ku isa Machynlleth.

Akwai kuma wanda zai sha doguwar tafiya don ya ga hayaƙi da tururi, ya iso ya tarar kan jirgi mai dizal ne a gaban taragu. Wannan ba yaudara ba ce. Idan rani ya yi tsanani ciyawa ta bushe, tartsatsin da ke fita daga bututun hayaƙi yana iya tayar da gobarar daji, kuma layuka irin su North Yorkshire Moors, da ke ratsa busasshen daji, sukan ajiye masu kwal har sai an yi ruwa. Wani lokacin kuma injin ne ya samu matsala da safe. In tururin ne ya kawo ka, ka duba sanarwarsu ko ka buga musu waya a safiyar ranar.

Sai batun lokaci. Tsawon layin Talyllyn mil 7 ne da kwata, amma zuwa kawai yana cin kusan awa guda, zuwa da dawowa wajen awa biyu da rabi. Ko manyan layukan tarihi ma ƙa'idarsu kada su wuce mil 25 a awa da fasinja. Dogon Talyllyn ƙwaya ɗaya ne, dole wani jirgi ya jira wani a inda za su iya giftawa, kuma direba ba ya shiga wani yanki sai an miƙa masa alamar ƙarfe da ke nuna shi kaɗai ne a ciki. A tashar Dolgoch jirgi kan tsaya ya sha ruwa. Baƙo mai gaggawa yana ganin wannan a matsayin ɓata lokaci, alhali nan ne abin kallon yake: mai iza wuta ya jawo bututun ruwa zuwa bakin tanki, ruwa ya cika har ya tumbatsa ya zubo ta gefen injin, direba kuma ya zagaya da 'yar butar mai yana ɗiga wa gaɓoɓin ƙafafu, yana taɓa su da bayan hannu don ya ji ko sun yi zafi. Ka ba wurin yini guda. Ka sauka a Dolgoch ka taka zuwa inda ruwa ke gangarowa daga dutse, ka hau jirgi na gaba. Abu ɗaya za ka riƙe: lokacin jirgin ƙarshe. Tashar ƙarshe, Nant Gwernol, mota ba ta isa gare ta, wanda jirgi ya bari can sai ya sauko da ƙafa. Ƙananan tashoshin hanya kuma jirgi ba ya tsayawa sai an nema. Mai sauka ya gaya wa mai kula da taragu tun a farko, mai hawa ya ɗaga wa direba hannu tun daga nesa.

Tufafi kuwa, mu da muke son fita da farar shadda ko farin mayafi don hoto, a nan ba wurinsu ba ne. Hayaƙin kwal yana tafe da ƙananan baƙaƙen ɓurɓushi masu maiƙo, kuma a buɗaɗɗen tarago na kusa da injin sai sun sauka a kafaɗa da hula. In ka goge da hannu sai ya shafe ya zama tabo. A sa kaya masu duhu, a riƙe rigar ruwa, domin Wales ba a rantse wa samanta. In ɓurɓushin ya faɗa ido, kada a murza, yana da kaifi yana iya karce ƙwayar ido. A bar hawaye ya wanko shi ko a zuba ruwa mai tsabta. Tabarau na taimakawa, zama a taragon baya ma haka. Mai babbar riga da mai dogon mayafi su tattare su idan sun matso kusa da injin.

Nan ne ma kuskuren da ya fi haɗari yake. Kan jirgin ƙarami ne, an goge tagullarsa tana ƙyalli, sai yaro ya ɗauka abin wasa ne, babba ma ya kai hannu don a ɗauke shi hoto. Bututan nan da yawa suna ɗauke da tururin da ya fi tafasasshen ruwa zafi. Idan jirgi zai tashi, direba kan buɗe wasu ƙofofi a ƙasa kusa da ƙafafun gaba don fitar da ruwan da ya taru, sai farin tururi ya feso gefe da ƙarfi daidai tsayin ƙaramin yaro. Akwai kuma murfin kariya a saman tukunyar da ke buɗe kansa idan ƙarfin tururi ya yi yawa, da wata ƙara mai razanarwa, ba sanarwa. Ka riƙe hannun yaro, ka gaya masa tun da wuri cewa za a yi ƙara. Kada ka hau wurin direba sai shi ya ce bisimilla, kuma sau da yawa in ka yi gaisuwa ka nema lokacin da jirgi ke tsaye, zai ce maka hawo. Kada ka sauka kan dogo don neman hoto mai kyau. Jirgi mai tafiya a hankali ma ba ya tsayawa nan take, kuma shiga dogo laifi ne ko a layin tarihi.

Leƙo kai ta taga ma haka. Gadojin da ke ƙetare layin Talyllyn matsattsu ne, har mai binciken gwamnati Kyaftin Tyler ya ƙi amincewa da su a 1866. Maganin da aka yi shi ne aka gusa dogon gefe ɗaya a ƙarƙashin gada, aka toshe ƙofofin ɗaya ɓangaren. Shi ya sa har yau taragun layin ta gefe ɗaya kawai suke buɗewa. Kada ka tsaya kokawa da gefen da ba ƙofa, kada kuma kai ko hannu ko waya su wuce taga.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu baƙi ke yi wa ma'aikatan magana. Mutumin nan mai baƙar hula da usur da koriyar tuta, wataƙila likita ne da ya yi ritaya, ko malamin makaranta da ya ɗauki hutunsa ya zo ya yi mako guda yana aiki kyauta. Aikin gayya ne, sai dai gayyar da aka shafe shekaru sama da 70 ana yi. Wanda ka gani yana tuƙi bai fara daga nan ba. Da shara da goge inji ya fara, ya yi shekaru kafin a gwada shi a ba shi shebur ya zama mai iza wuta, ya ƙara wasu shekarun kafin ya zama direba, ga jarrabawar ƙa'idoji da gwajin lafiya a kai a kai. Jirgin da zai tashi ƙarfe 10 na safe, wani ya zo tun da sassafe ya kwashe toka, ya jera itace da tsumma mai mai, ya kunna wuta, ya jira awanni ruwa ya yi zafi a hankali, domin gaggawar zafi na lalata tukunya. Manyan injina ma tun jiya ake fara ɗumama su. To mutumin da ya yi wannan, a zo ana daka masa tsawa don jirgi ya makara minti goma, bai dace ba. Ka gaishe su, ka yi tambaya. Mafi yawansu ba abin da suke so kamar a tambaye su yadda injin ke aiki, kuma abin da za su gaya wa ɗanka a minti biyar ba zai same shi a jikin allon bayani ba.

Masu ƙorafin tsadar tikiti su ma su duba inda kuɗin ke zuwa. Duk bayan kimanin shekara 10 dole a kwance tukunyar kowane inji a bincika ta ciki da waje kafin a sake ba ta izinin aiki. Kwal ma ya zama abin nema: mahaƙar Ffos-y-fran da ke kusa da Merthyr Tydfil, wadda layuka da yawa suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023, yanzu sai a shigo da shi daga waje ko a gwada wanda aka sarrafa. Shayin da ka saya a tasha da ɗan abin da ka jefa a akwatin taimako suna cikin abin da ke riƙe da layin. Amma a kula da takardar Gift Aid da wasu layukan ke miƙowa wajen sayen tikiti. Tsari ne da gwamnati ke ƙara wa ƙungiyar agaji fam 1 a kan kowane fam 4 da ka bayar, kuma mai biyan haraji a Birtaniya ne kawai ya cancanci sa hannu. Baƙon da ya zo hutu, ko ɗalibin da ba ya biyan haraji, ya ce a'a, ba wanda zai ga laifinsa.

Ƙananan taragun layin Talyllyn ba su da banɗaki, sai a tashoshi irin Tywyn Wharf da Abergynolwyn, don haka a kai yara kafin a hau, a yi alwala a can. Ba kasafai ake samun ɗakin salla ba, a riƙe 'yar darduma. Abincin tasha kuma a tambayi abin da ke ciki, domin naman alade ya yi yawa a irin abin da suke sayarwa. Guzuri daga gida ya fi kwanciyar hankali.

Kuskuren da ɗan Afirka ta Yamma zai fi jin takaicinsa shi ne ya je ya dawo bai tambayi daga ina injin ya fito ba. Manyan injinan da ke hawa duwatsu a layin Welsh Highland daga Afirka ta Kudu aka dawo da su. A layin Welshpool da Llanfair akwai kan jirgi mai lamba 85 da kamfanin Hunslet ya ƙera a 1954, wanda ya yi aiki a Saliyo har aka sayo shi a 1975 bayan an rufe dogon ƙasar. Faɗin wannan layi ƙafa 2 ne da inci 6, daidai da na ƙaramin dogon da ya taɓa ɗauko kuza daga Bukuru da Jos zuwa Zariya, wanda aka rufe a 1957. Wanda kakansa ya ba shi labarin wancan jirgi, a nan zai ga girman taragunsa da irin tafiyarsa. Sai dai injinan kan shiga gyara na tsawon shekaru, don haka kafin ka kama hanyar Welshpool ka tambaye su ko mai lamba 85 yana aiki, in kuma yana rumfar gyara, ko za a bari a leƙa shi.