Kowace da yadda take haɗa ayyukanta

Assalamu alaikum matan Damagaram. Don Allah mu daina auna kanmu da maƙwabta. Wata tana miya, tana wanki, tana sauraren hardar yara, komai ya tafi daidai. Wata kuwa sai ta gama ɗaya take taɓa wani, kuma wallahi ba lalaci ba ne.

Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ayyuka biyu masu buƙatar tunani a tare, kai-komo take tsakaninsu, a nan kuskure ke shigowa. Shawarata, ku haɗa aikin jira da aikin hannu: wake na kan wuta, jarka na cika a famfo, sai a tsince shinkafa. Amma lissafin kuɗin adashe ko auna wa yaro magani, a ajiye waya tukuna, ko wa ke kira.